Tabarmar Makokin Anaruwa

Ku gyara zama. Yau shari'a na kawo muku, ku ne alƙalai. Sharaɗina ɗaya ne, kada wanda ya katse ni sai na kai aya. Na san halinku, tun mutum bai rufe baki ba kun yanke hukunci.

A wani gari aka yi abin. Ba zan faɗi sunan garin ba, domin jikokin mutanen suna nan da ransu, wasunsu ma kuna cin kasuwa da su. A garin akwai wani masaƙi ana ce da shi Anaruwa. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, sunanta Lantana. Mutum ne marar yawan magana. In yana saƙa za ka ga bakinsa yana motsi, duk yaron da ya gifta kuma sai ya bi shi da kallo yana murmushi. Salati yake yi, kuma Allah ya sa masa son yara. Amma mutanen garin ba haka suka fassara abin ba.

Mai unguwarsu, Korau, yana da ɗa namiji da ciwo ya ƙi saki. Yaron yakan kwanta yana kukan ƙasusuwansa, idanunsa su yi ɗorawa, ya tashi, ba a jima ba ya sake kwantawa. An yi rubutu, an yi turare, an sha jiƙe-jiƙe, ba sauƙi. Rannan cikin zafin ciwo yaron ya ambaci sunan Anaruwa. Wataƙila ɗan gwadon da masaƙin ya yi alkawarin saƙa masa yake tunawa. Ba wanda ya tsaya ya tambaya. Kun san abin da jahilci ya koya wa mutane: in marar lafiya ya kama sunan wani, to wannan maye ne, ya kama kurwarsa, kuma ba zai sake ta ba sai an tuɓe shi ya tsallaka marar lafiyar.

Aka jawo Anaruwa har ƙofar dagaci, gari ya taru. Korau da hannunsa ya yage masa riga, ya kwance masa wando, ya zuba masa bulala har ya tsallaka yaron. Lantana tana tsaye tana gani. Bayan 'yan kwanaki yaron ya rasu, aka ce ai mayen ne ya ƙi sakin kurwar. Aka ƙone masa kayan saƙa, aka kore shi daga gari. Da shi da 'yarsa suka kafa bukka can bayan gari, a gefen gonar wani mafarauci.

Shekaru suka yi ta wucewa. Lantana ta girma, ba wanda ya taɓa yin sallama a kanta, ba mai sayen abin da hannunta ya dafa. Uban ya sake haɗa kayan saƙa da itacen daji, ita take kai abin da ya saƙa kasuwa mai nisa, inda ba a san su ba. Wata rana abin ya ishe ta, ta ce, "Baba, kai da kake kwana kana tashi da sunan Allah, me ya hana ka kai ƙararsu wurinsa?"

Ya ce, "Lantana, mutane ne suka kore ni, Allah bai kore ni ba. A nan ma yana ba mu ruwa, yana ba mu numfashi. In na roƙa musu masifa, akwai yara a garin."

A tsakiyar bazara Allah ya karɓi ransa, bayan ya idar da sallar asuba. Kun san zafin bazara, gawa ba ta jira. In ba a rufe mutum kafin rana ta yi sanyi ba, abin da zai biyo baya ba ya faɗuwa. Likkafani kam akwai, shi da kansa ya saƙa abinsa ya ajiye. Saura kabari, da wanka, da salla. Malamai sun ce in an rasa namiji akwai yadda 'ya za ta yi ta wanke ubanta, amma Lantana ba ta san wannan ba, kuma ko ta sani, ba za ta haƙa kabari ta ja sallar gawa ta ɗauki makara ita kaɗai ba.

Ta shiga garin da aka kore su, ta durƙusa a ƙofar dagaci. Bai ma fito ba. Ya aiko aka ce mata ba za a sa maye a maƙabartar Musulmi ba, kuma kada kowa ya je. Wani daga cikin fadawa ya ƙara da cewa akwai kwazazzabo kusa da bukkarsu, ta ja shi can. Abin da ke gabanta ke nan: ko a binne ubanta kamar mutum, ko a jefar da shi kamar mushe, ita kuma ta mutu da sunan 'yar maye.

Mutum uku suka hana haka faruwa.

Na farko Cindo ne, mafaraucin da suke zaune a gefen gonarsa. Ba zan ɓoye muku ba, Cindo yana taɓa burkutu, kuma ba a ganinsa a masallaci sai daga idi sai idi. Abin da zai ba ku mamaki, shi ma ya yarda Anaruwa maye ne. Bai taɓa shan ruwa a ƙwaryarsu ba, har laya ya rataya a ƙofar gidansa saboda su. Duk da haka shi ya bar su suka zauna, kuma in ya dawo daga daji yakan ajiye musu cinyar zomo ko ta gada a bakin bukka ya wuce. Matarsa Hajo ta sha yi masa faɗa a kan haka. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Ko maye ne yana jin yunwa. Wanda ya halicce shi bai hana rana ta fito masa ba, ni wane ne?"

Da ya ji abin da dagaci ya ce, sai ya ɗauko dagi da fartanya. Bai iya shiga bukkar ba saboda tsoro, sai ya miƙa wa Lantana kara daga waje, ta auno masa tsawon mamacin. Ya je tsakiyar gonarsa, gindin wata ɗorawa, inda ƙasar ta fi kyau, ya ja layi. Hajo ta biyo shi ta ce in ya sa maye a gonar nan ba mai sake zuwa masa gayya, ba mai sayen hatsinta. Ya ce, "To," ya ci gaba da sara. Ƙasar bazara ce, dagi yana sauka yana dawowa. Aikin da samarin unguwa suke yi suna karɓar juna, shi kaɗai ya yi shi, ya haƙa uwar kabari, ya haƙa 'yar ciki, tafukansa suka ɗuri ruwa suka fashe. Ya sassare rassan ɗorawar da yake cin kalwarta duk shekara don a jera a saman kabarin, ya jido ruwa ya kwaɓa ƙasa. Kafin azahar kabari ya haɗu. In ba don Cindo ba, da ko an wanke Anaruwa an sallace shi, babu ramin da za a sa shi.

Na biyu, ku riƙe bakinku, Korau ne, mai unguwar da ya tuɓe shi. Akwai abin da gari bai sani ba. Bayan an kori Anaruwa, ƙanwar yaron nan da ya rasu ta kamu da irin ciwon sak, alhali wanda ake zargi yana can bayan gari bai taɓa ganinta ba. Korau ya kai ta asibiti a birni. Likita ya auna jininta, ya auna nasa da na matarsa, ya ce ciwon sikila ne, daga jinin iyaye 'ya'ya suke gadonsa, ba wanda ya kama kurwar kowa. Korau ya dawo gida ya haɗiye maganar. Shekara ta zagayo, wata ta zagayo, yana sahun gaba a masallaci, har Makka ya je ya dawo, bai faɗa wa kowa ba. Kunya ce ta riƙe shi, da son girma. Ni dai ina jin haushinsa a wannan wuri, ba sai na ɓoye ba.

A ranar, Lantana ta wuce ta ƙofar zaurensa a hanyarta ta komawa daga gidan dagaci. Ba kuka take yi ba, kuma ko kallonsa ba ta yi ba. Korau ya jima a zaune. Sai ya tashi ya je bayan masallaci ya ɗora makara a kansa, da babbar rigarsa da komai. Mutane suka taso suna cewa, "Ranka ya daɗe, kawo mu ɗauka, wa ya rasu?" Bai sauke ba sai da ya kai bakin kasuwa, inda ya fi cika, ya ɗaga murya ya ce, "Anaruwa ne ya rasu, kuma ba maye ba ne. Ciwon da ya kashe ɗana a jinina yake. Likita ya faɗa mini tun shekarun baya, na yi shiru. Ni na tuɓe shi a gabanku, ni zan je in suturta shi."

Ya isa bukkar ya yi sallama, ya durƙusa a ƙasa. Lantana ta fito ta gan shi, ta ce, "Baba mai unguwa, me kuma ya rage?"

Ya ce, "'Yata, izini nake nema in wanke shi. In kin hana ni, kin yi daidai."

Lantana ta juya ta shiga ciki. Daga baya ta kawo ruwa da ganyen magarya ta ajiye, ta koma gefe. Korau ya shiga. Kun san mai wankan gawa ba ya barin tsiraicin mamaci a buɗe, sai ya rufa masa zane tukuna ya zare tufafin ta ƙarƙashi. Haka Korau ya yi, a hankali. Da ya juya shi don ya wanke bayansa, sai ga tabon bulalar nan a jere, ba su ɓace ba. Ya wanke su ɗaya bayan ɗaya yana kuka. Ya naɗe shi cikin farin da ya saƙa wa kansa, ya ɗaure. Kafin ya fito, dagaci ya riga ya aika cewa ya sauke shi daga mai unguwa. Mutanen da suka kori Anaruwa a kan maganarsa kuwa, har ya mutu wasunsu ba su sake amsa gaisuwarsa ba. In ba don Korau ba, da babu mai wanka, domin Cindo ba zai taɓa gawar ba ko za a yanka shi, kuma da sunan maita ya bi Anaruwa har kabari.

Na uku Malam Haladu ne, na'ibin liman. Mutum ne mai karatu sosai, amma hannunsa na dama shanyayye ne tun yana ƙarami, ba ya iya wanka balle haƙa. Limamin garin ya tsufa, ko tsayuwa da ƙyar yake yi, kowa ya san limanci na Malam Haladu ne, shekara da shekaru yana jira. Ranar da aka tuɓe Anaruwa yana wurin. Ya san abin nan ba addini ba ne, ya san zalunci ne tsantsa, amma ya sunkuyar da kai ya ce a ransa lokacin magana bai yi ba. Lokacin bai taɓa yi ba har mutumin ya mutu.

Kada ku ɗauka maganar Korau a kasuwa ta wanke zukatan mutane. Tsoron da ya daɗe ba ya fita da magana ɗaya. Wasu ma cewa suka yi ai maitar ce ta taɓa wa Korau hankali. Aka yi azahar ba wanda ya nufi bayan gari, ga gawa a naɗe, ga rana tana dukan bukka. Malam Haladu ya ja salla, da ya sallame sai ya miƙe ya fuskanci jama'a. Ya ce, "Gawar Musulmi in aka rasa mai sallatarta, alhakin yana kan kowa a garin, har wanda yake barci a ɗakinsa. Allah ba ya zalunci, kuma ba ya son a yi shi. Bawan nan da muka wulaƙanta, ba mu san matsayinsa a wurin Ubangijinsa ba. Mai yiwuwa albarkacinsa muke shan ruwan sama. Ku ba ku sani ba kuka yi, ni na sani na yi shiru, don haka na fi ku laifi. Zan je in sallace shi, ko ni kaɗai ne."

Dagaci yana sahun gaba, ya ce, "Malam, in ka fita ta ƙofar nan, kada ka sake tsayawa a gaban wannan sahu."

Malam Haladu ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na ji." Ya sa takalminsa ya fita, bai waiwaya ba. Ya yi nisa kafin ya fara jin takun mutane a bayansa. Da farko 'yan tsofaffi ne, sai samari suka ji kunya suka biyo, kafin a isa gonar Cindo an zama sahu-sahu. Ya yi wa Anaruwa kabbara huɗu, aka sami masu ɗaukar makara. Limancin kuwa wani aka ba, Malam Haladu ya ƙare rayuwarsa yana salla a bayan ɗalibinsa. In ba don shi ba, da an tura mutumin nan cikin rami babu salla babu jama'a, da gari ya ci gaba da cewa ai dai an binne maye a ɓoye.

Aka rufe Anaruwa kafin la'asar. Korau ne ya shiga kabarin ya karɓe shi. Cindo ya ari buta ya yi alwala ya tsaya a can ƙarshen sahu, kuma har aka gama bai matso kusa da gawar ba.

Sai maganar zaman makoki ta taso. A garin, ba a karɓar gaisuwa a daji. A ƙofar ɗan'uwan mamaci ake shimfiɗa tabarma, shi zai zauna a kai a riƙa ce masa ya haƙuri. Kuma duk ƙofar da aka shimfiɗa tabarmar, marainiyar da aka bari ta zama 'yar gidan, mai gidan ya zama ubanta, shi zai ba da aurenta, sunansa ne zai rufe ta. Anaruwa ba shi da ɗan'uwa. Dattawa suka ce to a zaɓi ɗaya cikin mutum ukun nan.

Korau ya ce, "Ni? In zauna ana ba ni haƙurin mutumin da na kashe da ransa? Ku kai ƙofar Malam."

Malam Haladu ya ce, "Shekarun da yake jin yunwa ban kai masa ko loma ɗaya ba. Ku kai ƙofar Cindo."

Cindo ya duba hannayensa ya ce, "Wa zai zo yin addu'a a ƙofar mashayi? Ni ko yanzu zuciyata ba ta gama sakin tsoronsa ba. Mai unguwa ne ya taɓa shi, ku kai can."

Nan dattawan suka rabu. Wasu suka ce Cindo, domin shi kaɗai ne bai jira mutuwa ba, ya yi jinƙai tun mutumin yana da rai, kuma ya yi shi ga wanda yake zaton mugu ne, irin yadda Allah yake ciyar da mai biyayya da mai saɓo. Aka ce musu to amma Cindo bai taɓa cewa an yi zalunci ba, da ƙaryar ya yarda, yaya yarinya za ta kira mutum uba alhali yana rataye da laya saboda ita? Wasu suka ce Korau, domin babu abin da ya fi nauyi kamar babba ya tozarta kansa a bakin kasuwa, kuma Allah yana son mai tuba. Aka ce musu to wa ya jawo abin tun farko, kuma me ya hana shi tuba lokacin da Anaruwa yake da kunnen jin ban-haƙuri? Wasu suka ce Malam Haladu, domin shi ya faɗa wa mai mulki gaskiya ido da ido, ya saki abin da ya yi rayuwarsa yana jira, ya fitar da gari duka daga alhaki. Aka ce musu ai aikinsa ne, kuma da ya buɗe bakin nan ranar da ake yage riga, da ba a kai ga kabari a gona ba.

Rana ta yi sanyi, masu gaisuwa suna tsaye cirko-cirko ba wurin zama. Da dattawa suka ga ba za su daidaita ba, sai suka naɗe tabarmar da Anaruwa yake salla a kai, suka miƙa wa Lantana, suka ce ta ɗauka ta shiga gari, ƙofar da ta shimfiɗa nan ne gidan ubanta daga yau. Ta rungume tabarmar ta kama hanya, jama'a suna biye da ita.

A nan zan tsaya. Ga wanda ya ciyar da shi ya ba shi ƙasa yana tsoronsa, ga wanda ya zalunce shi ya dawo ya wanke shi, ga wanda ya yi shiru ya dawo ya yi magana ya rasa komai. To, in ku ne Lantana, a ƙofar wa za ku shimfiɗa tabarmar nan?